Binta Mai Acca da 'Yar Farinta

Hannun Binta na cikin ruwa, tana kaɗa ƙwarya a hankali, acca na malalowa daga wannan baki zuwa wancan, yashi na kwantawa a gindi. Da haka take buɗe kowace safiya a gidansu na Bukuru, tun rana ba ta gama hawa duwatsu ba, ruwan kuwa da sanyi kamar zai ciji yatsa. Acca ƙanana ce, tsakuwar da ke ɓuya a cikinta ma ƙarama ce, ba a raba su da gaggawa. Sai an rege, a zubar, a sake regewa, har kunne ya daina jin ƙaras-ƙaras a gindin ƙwarya.

Wannan kaɗa hannu gado ne. Kakanta ya taso daga ƙasar Katsina zamanin haƙar kuza, kakarta kuma ta ƙare ƙuruciyarta a bakin kududdufi tana wankin kuza da ƙwarya irin wannan. Tsohuwar takan riƙe abin da ya nutse ta zubar da na sama. Jikar ta juya aikin, tana riƙe na sama tana zubar da abin da ya nutse. Gwate kuwa a wurin matan Birom da ta tashi a cikinsu ta koya, da yakuwarsa da gautansa da ƙashi mai taushi. Kafin hantsi 'yan bas da kanikawa sun yi layi a ƙofar gida da kwanukansu. A unguwar ba a ce mata komai sai Binta mai acca.

"Maman Ummi, ina kwana!"

Nkoli ce, maƙwabciyarta mai shagon kayan masarufi, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta leƙo ta kan katanga da hular sanyi a ka. Binta ta ci gaba da kaɗa ƙwarya kamar iska ce ta wuce.

"Maman Ummi, da kai nake fa!"

Binta ta ƙara ruwa a ƙwarya.

"To, Maman Sharafu."

"Lafiya lau, Maman Kosiso. Ya sanyi?"

"Shekara nawa muna wannan wasa? Yarinya ya kusa kai tsawonka, kana yi kamar gyara aka ba ka shi a kasuwa."

Binta ta yi murmushi, ta zubar da ruwan. Ummi 'yar farinta ce, kuma a gidan da Binta ta tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ɗora shi a cinya idan akwai ido. Matan yanzu da yawa a Jos sun ajiye wannan kara, ita ba ta ajiye ba. Da aka yaye Ummi, Inna mahaifiyar Ishaku, mijin Binta, ta ɗauke ta, dama sunanta aka sa wa yarinyar. Da Inna ta rasu Ummi ta tsallako tsakar gida ta dawo ɗakin uwarta, tana ce mata Yaya kamar yadda ta ji ana faɗa tun tana rarrafe.

Son da Binta ke yi mata sai ya koyi bin lungu. Ƙashin da ya fi taushi a tukunya kullum a gindin kwanon Ummi yake tsintar kansa. Rigar sanyinta takan kwana a kan igiya, ta wayi gari a kusa da murhu, da ɗumi. Idan hadari ya haɗo sai Binta ta dubi ƙanin Ummi ta ce, "Sharafu, a faɗa wa waccan ta sa safa," alhali waccan ɗin tana zaune a gefenta.

Wata ranar Talata aka yi gudu a Bukuru. Har yau ba a san mafarinsa ba. Wasu sun ce ɓarawo aka biyo a kasuwa, wasu sun ce tayar tirela ce ta fashe. Garin da ya taɓa ganin tashin hankali ba ya tsayawa tambaya. Shaguna suka rufe, 'yan keke suka juya, iyaye suka nufi makarantu. Binta ta bar tukunya a kan wuta ta fita da gudu, ita da rabonta da gudu tun tana budurwa. A wajen layin dogo takalminta ɗaya ya faɗa kwalbati, ba ta ko waiwaya ba.

Da ta iso kusurwar katangar makaranta sai ta hango Ummi a bakin ƙofa, Nkoli ta riƙe ta da hannu ɗaya, ta riƙe 'yarta Kosiso da ɗayan. Kewaye da su duk mutanen unguwa ne. Binta ta tsaya, ta dafa katanga har numfashinta ya dawo. Yarinya lafiya take, tana hannun amana. In ta ƙarasa, gobe a ce an ga Binta ƙafa ɗaya ba takalmi ta yo gudu saboda 'yar fari. Ta gyara mayafi, ta bi ta bayan layi ta koma gida. Da su Ummi suka shigo suka same ta tana juya gwate.

"Kun dawo?" Iyakar abin da ta ce ke nan.

Kafin la'asar aka gane ba abin da ya faru, gari ya buɗe, aka yi ta dariyar wanda ya bar akuyarsa da wanda ya gudu da sabulu a ka. Hankalin Ummi ne kaɗai bai dawo daga gudun nan ba. Bayan 'yan makonni abin ya fara. Za ta sa kayan makaranta, ta rataya jaka, tana isa soro sai gabanta ya shiga dukan uku-uku, tafin hannunta ya jiƙe, cikinta ya murɗa, numfashi ya tsaya mata a maƙoshi. Ihun yaran mota a bakin titi kaɗai ya isa ya zaunar da ita. Ishaku ya karɓo rubutu, ya sayo maganin ciki. Aka kai ta asibiti aka auna jini da zuciya, ba a ga komai ba. Likitan ya ce fargaba ce ta yi mata yawa, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana jin magani. Ya haɗa su da wata Madam Pauline a Tudun Wada ta cikin Jos, wadda aikinta shi ne zama da yara masu irin wannan damuwa ta saurare su. Makaranta kuma ta aiko cewa in Ummi ba ta dawo kafin jarrabawar ƙarshen shekara ba, sai ta maimaita aji, sa'o'inta su wuce su bar ta.

"Likita ba allura ba ƙwaya?" in ji Nkoli. "Magana kawai? Ai da ni aka kawo wa, ni ma ina da baki."

"Bakinki ne ma zai ƙara mata ciwon."

"Ka ji shi! To ku je, Allah ya sa a dace."

Ofishin Madam Pauline a saman bene yake, ɗan ɗaki mai labule ruwan toka da kujeru masu laushi da tukunyar fure a taga. Mace ce mai furfura a goshi, 'yar unguwar Kabong ta nan Jos, Hausa a bakinta kamar ruwa. Ta gaisa da Binta da hannu biyu, ta miƙa wa Ummi kofin shayi ta ce ba sai ta sha ba, ta dai riƙe don ɗumin. Sannan ta juyo ta yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi wa Binta.

"Mama, me ya fi burge ki a halin Ummi?"

Amsoshi suka cika bakin Binta. Yadda yarinyar ke rera karatu da asuba, yadda take raba wa Sharafu namanta a ɓoye, yadda take dariya da hannu a baki irin na Inna. Amma ga Ummi nan zaune, gwiwarta na taɓa tata. Binta ta dubi furen.

"Babu laifi dai," ta ce. "Tana ƙoƙari."

Madam Pauline ba ta matsa ba. Ta roƙe ta ta jira a waje, ta rufe ƙofa. Binta ta zauna a kan benci tana kallon ƙofar nan kamar an rufe mata rabin jiki a ciki. Da Ummi ta fito idonta ya yi ja, amma kafaɗunta sun sauka, a hanya har ta ce tana jin yunwa. Zuwa na biyu ta dawo da wata dabarar numfashi, a ja a hankali ta hanci, a sake shi kamar mai hura koko. Madam takan lura da ƙafarta idan ta fara rawa a ƙasan kujera, sai ta dakata da tambaya, su yi numfashin tare.

Ɗakin yana da kyau, hanyarsa ce ba ta da tausayi. Daga Bukuru zuwa Tudun Wada sai an shiga bas, a matsu, a sha hayaƙi da ihu. A zuwa na uku suka tarar da cunkoso, wani direba ya daki bayan wata mota, aka fara zage-zage, mutane suka miƙe tsaye. Ummi ta kama wuyan rigarta tana neman iska. Suka sauka a tsakiyar hanya suka juyo gida. Tun daga ranar, ko sunan Tudun Wada aka ambata sai tafin hannunta ya jiƙe.

Madam Pauline ta ce ba a fasa ba, za a ci gaba ta waya, ta kiran bidiyo, har Ummi ta samu ƙarfin hanya. Ishaku ya riƙa barin wayarsa a gida duk ranar zama. Abin ya zo da sauƙi ta wani ɓangaren. Ba bas, ba ihu, ba fashin zama ko ana ruwa. Ummi na zaune da rigar sanyinta, ƙamshin gidansu a hancinta. Sai dai gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, kuma duk faɗinsa wuri ɗaya sabis ke kamawa sosai, wato tagar ɗakin Binta mai kallon duwatsu. Nan ake jingina wayar da gwangwanin madara.

Binta kuwa ba ta fita. Takan ɗauko faifai ta zauna a bakin gado, ta ba taga baya, ta shiga tsintar busasshiyar acca. A ganinta ta yi abin da ya kamata. A tarbiyyarta kawar da kai katanga ce, wanda ya juya baya kamar ya bar gari ne, a bayan irin wannan katanga ta yi rayuwarta duka da 'yar farinta. Akwai kuma abin da ba ta faɗa wa kowa ba. A ofis, in numfashin yarinya ya tsaya, akwai hannun da zai riƙe ta. A nan fa? Fuska ce a cikin gilashi, wadda in sabis ya ɗauke sai ta daskare da baki buɗe. Ta yaya za ta bar ta da wannan?

Zama ya bi zama, Ummi ba ta wuce kalma uku.

"Ya makon nan, Ummi?"

"Lafiya lau."

"Kin gwada fita soro kamar yadda muka ce?"

"E."

"Me kika ji a jikinki?"

"Ba komai."

Daga wuya zuwa sama kaɗai Madam ke gani. Ba ta ganin ƙafar da ke rawa, ba ta ganin hannun da ke murza gefen zani, ba ta ganin bayan da ke zaune a bakin gado. Damina ta yi nisa, jarrabawa na matsowa, kayan makaranta na rataye a ƙusa.

Wata rana da yamma, ruwa na sauka a kan kwano, Madam Pauline ta koma kan ranar gudu.

"Wa ya zo ɗaukarki ranar?"

"Maman Kosiso."

"Kafin ta zo fa, me kike yi?"

"Ina tsaye a ƙofa ina kallo." Muryar Ummi ta yi ƙasa. "Kowa mamarsa ta zo. Har wadda ke aiki a Jos ta zo. Ni na yi ta duba hanya..."

Hannun Binta ya tsaya a kan faifai. Ƙarar acca da ke ta sassauka tun ɗazu ta yanke. Ummi ta waiwaya ta ga bayan uwarta, ta juyo da sauri.

"Madam, sabis ne. Ba na jin ki sosai."

Madam Pauline ta ce, "Ummi, akwai wani a ɗakin?"

"Yaya ce. Aiki take yi."

"Ba ni ita, ke kuma ki je ki sha ruwa."

Binta ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da fuska kamar kwanon da ya yi zafi.

"Mama, ashe kullum kina nan?"

"Ai ba na ji, Madam. Baya na ba ku."

"Na yarda ba kya son ji. Amma ita tana jin ki. Ni ma ina jin wani shuu-shuu, na ɗauka ruwan sama ne."

"Acca ce."

"To, accar nan ta fi ni murya. Laifina ne ma da ban tambaya ba tun farko. A ofis ina da ƙofa, ni ke rufewa. A waya ba ni da ita, ƙofar a hannunki take."

"In numfashinta ya tsaya fa? Ke kina Tudun Wada."

"Ba zai tsaya ba, ji take kamar zai tsaya, kuma ta koyi yadda za ta lallashe shi. Ki zauna a tsakar gida inda in ta kira za ki ji. In na ga abin da ya fi ƙarfin waya, ni da kaina zan ce ta kira ki. Ba korarki nake ba, Mama. Akwai maganar da yaro ba ya iya yi a gaban wanda yake tsoron ɓata wa rai."

Kwanakin da suka biyo baya gwaten Binta ya sha gishiri har kanikawa suka yi ƙorafi. Ta yi shekaru tana zaton yarinyar na karanta ƙashi mai taushi da riga mai ɗumi kamar yadda ita ta karanta na tata uwar. Ashe a bakin ƙofar makaranta yarinya ba ta duba gindin kwano, hanya take dubawa. Da safe Nkoli ta leƙo ta ga ƙwarya a ajiye, Binta ta zuba wa ruwa ido. Ta zagayo ta shigo. Binta ta ba ta labari, har da kusurwar katanga, har da takalmi.

Nkoli ta riƙe haɓa. "Kana wurin? Ni ina can ina jan yara biyu kamar jaki, kai kana bayan katanga kana kunya?"

"Mutane sun yi yawa."

"Mutane! Wane ne a cikinsu ya yi naƙudan shi? Je ka faɗa masa yau ɗin nan."

"Bakina ba zai iya ba, Maman Kosiso. Ban taɓa ba. In na dube ta maganar guduwa take."

"To kar ka dube shi. Wa ya ce dole sai da ido?"

Ranar zama ta zagayo. Ummi ta jingina wayar da gwangwanin madara, fuskar Madam Pauline ta bayyana, aka gaisa. Binta ta shigo da faifai a hannu kamar kullum, sai dai ba ta nufi bakin gado ba. Ta zo ta tsaya a gefen taga, inda wayar ba ta kama komai nata sai zani da hannu ɗaya.

"Madam, ina da saƙo. Ki faɗa wa 'yar gidan nan."

"Tana jin ki, Mama."

"Na sani. Ke dai nake faɗa wa." Ta kafe idonta a kan duwatsun da ruwa ya wanke. "Ki ce mata ranar nan na zo. Na bar tukunya a wuta na zo da gudu. Na iso katanga na gan ta a hannun Maman Kosiso, na ga mutane, sai na koma. Ban kyauta ba da na koma. Ki ce mata ko a wajen layin dogo aka tambaya, takalmina ɗaya na cikin kwalbati."

A ofis, gwiwa na taɓa gwiwa, da wannan magana ba ta fito ba ko za a kwana. Ga shi ɗan gilashin da take raina ya zame mata ɗan aike.

"Yaya," in ji Ummi, "shi ne takalmin nan ruwan ƙasa da kika ce ɓera ya ja?"

"Madam, ki ce mata shi ne."

Ummi ta sa hannu a baki irin na Inna, dariya da kuka suka haɗu suka fito tare. A cikin wayar Madam Pauline ta cire tabarau tana gogewa da gefen gyale.

"Akwai saura, Mama?"

"Akwai. Tambayar da kika yi mini a ofis, ta abin da ya fi burge ni. Amsar na da yawa, sai wata rana. Yanzu ki ce mata ɗakin nata ne, ta faɗi duk abin da ke ranta, ko a kaina ne. Ina tsakar gida. In ta kira zan ji, kuma wannan karon ba zan tsaya a katanga ba."

Ta zare mayafinta mai kauri ta yafa wa yarinyar a kafaɗa, hannunta ya ɗan daɗe a wurin fiye da yadda yafa mayafi ke buƙata. Ta gyara zaman gwangwanin madara don kada wayar ta zame. Sannan ta ɗauki faifanta, acca ba ta ko motsa ba, ta ɗaga labule, ta jawo ƙofar a bayanta, ta fita.